Yadda ake raba wifin ma'aikata da na baƙi a kan VLAN daban-daban a wurin kasuwanci

A yawancin ƙananan otel-otel, da asibitoci masu zaman kansu, da ofisoshin ƙungiyoyi na nan Damagaram, abin da za ka tarar shi ne rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba intanet, wifi ɗaya, da kalmar sirri da aka rubuta a takarda aka manna a bangon wurin karɓar baƙi. Duk wanda ya samu kalmar nan, baƙon kwana ɗaya ne ko yaron maƙwabta da ya ji ta a bakin mai gadi, ya shiga rezo ɗaya ke nan da kwamfutar lissafin kuɗi, da firinta, da na'urar da ke naɗar hotunan kamarori. Wasu sukan buɗe suna na biyu su ce wannan na baƙi ne. Suna biyu ba shi ne rabuwa ba. Muddin sunayen biyu na zuba bayanansu a wuri ɗaya, wayar baƙo tana ganin duk abin da wayar akanta ke gani.

Abin da ke raba su da gaske shi ne VLAN, wato a yanka rezo ɗaya gida-gida ba tare da an ja wa kowane gida nasa kebul ba. Ƙa'idar da ake bi ita ce IEEE 802.1Q, wadda ta fito a 1998. Kowane ƙunshin bayani da zai bi kebul ana ƙara masa tambari mai bayit 4, a cikinsa akwai lambar VLAN ɗin, daga 1 zuwa 4094. Kamar buhunan da ake lodawa a mota ɗaya daga tasha zuwa Agadas ne, kowanne da sunan mai shi a jiki, in an isa a sauke wa kowa nasa. Na'urar watsa wifi, wadda masu aikin ke ce wa AP, ita ke buga tambarin gwargwadon sunan wifin da mutum ya shiga. Suwic, akwatin nan mai ƙofofi da yawa da ake soka kebul-kebul a cikinsa, yana kai kowane ƙunshi ƙofar da aka yarje masa. Rauta kuma ita ke yanke hukuncin wane gida zai yi magana da wane. A AP ɗin aikin bai wuce ƴan mintoci ba. Nauyinsa yana kan suwic da rauta, kuma can ne ake yawan yin ɓarna.

Zan yi misali da otel mai ɗakuna a jere da gidan abinci, irin waɗanda ake gani wajen Sabon Gari, mai buƙatar AP uku.

Kayan da za ka tanada

Rauta mai fahimtar VLAN kuma mai katangar tsaro da za ka iya rubuta wa dokoki. MikroTik ce aka fi samu a hannun masu aikin rezo na yankinmu, da ita zan yi bayani, amma tsarin ɗaya ne a kowace. Ƙaramar rautar 4G da kamfanin waya ya ba ka, ko rautar da ke zuwa da Starlink, ba su yin wannan aikin. Su dai su kawo intanet, taka ta zauna a bayansu.

Sai suwic wanda ake iya shiga a saita shi. A nan ne mai wuri kan ce, "Malam, ai muna da suwic, ga shi can yana aiki." Ka ba shi amsa a hankali: "Alhaji, wancan ba ya karanta tambari, ba zai iya raba gida da gida ba." Ka duba kwalin ka ga an rubuta 802.1Q. Ka nemi mai ba da wuta ta kebul, wato PoE, don kada ka riƙa neman soket a silin. Ƙa'idar 802.3af tana ba da wat 15.4 a kowace ƙofa, 802.3at kuma wat 30. Ka haɗa jimillar abin da AP-AP da kamarori za su ja, ka gwada da ƙarfin suwic ɗin gaba ɗaya, domin mai ƙofa 8 ba lalle ba ne ya iya ciyar da duka 8 a lokaci guda. Akwai kuma wasu tsofaffin na'urorin Ubiquiti da MikroTik masu cin wutar bolt 24 da ba ta bin waɗannan ƙa'idoji. Kada ka haɗa su da ka, karanta abin da ke rubuce a bayan na'urar.

AP ɗin kansu su zama na kasuwanci, kamar UniFi ko TP-Link Omada, masu iya ɗaura kowane suna a kan VLAN. Kebul kuwa Cat6 ko Cat5e na jan ƙarfe zalla, kada tsawonsa ya wuce mita 100. Wanda aka rubuta wa CCA sanholo ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ya fi araha, amma yana zafi in an ɗora masa wuta kuma yana karyewa. In za ka aika a sayo maka daga Kano ko Yamai, ka rubuta wannan a takardar saƙon.

Mataki na farko: takarda da alƙalami

Kafin ka kunna komai, rubuta tsarin. Ga nawa na wannan otel:

VLAN 10, gudanarwa (rauta, suwic da AP-AP kansu): 192.168.10.0/24
VLAN 20, ma'aikata: 192.168.20.0/24
VLAN 30, baƙi: 10.30.0.0/23
VLAN 40, kamarori: 192.168.40.0/24

Na sa lambar VLAN ta fito a cikin adireshin da gangan. Ranar da aka kira ka da daddare aka ce wifi ya tsaya, da an karanto maka adireshin da waya ta samu ka san gidan da ta faɗa. Na baƙi na ba shi /23, adireshi 510 ke nan, saboda ranar biki ko taron ƙungiya mutum ɗaya kan zo da waya biyu da kwamfuta. Ka guje wa 192.168.0.0, da 192.168.1.0, da 192.168.8.0, da 192.168.88.0. Su ne rautocin gida, da na Starlink, da na Huawei, da MikroTik ke zuwa da su daga kamfani, kuma in adireshin ciki ya yi karo da na mai kawo intanet, matsalar tana da wuyar ganowa. VLAN 1 kuma ka bar shi fanko in na'urorinka sun yarda, tun da kowane sabon kaya a kansa yake farawa.

A ƙasan takardar ka jera ƙofofin suwic: ta 1 zuwa rauta, 2 zuwa 4 na AP, 5 da 6 na kwamfutocin ofis da firinta, sauran na kamarori da na'urar naɗinsu.

Mataki na biyu: rauta

Shiga da WinBox, manhajar da ake saita MikroTik da ita. Tun farko ka ware ƙofa ɗaya ta rautar, ka ce ether5, kada ka sa ta cikin bridge, wato rukunin ƙofofin da rautar ke haɗewa wuri ɗaya, ka ba ta adireshinta na kanta, ka haɗa kwamfutarka a nan. Ita ce ƙofar tsira. Duk abin da ya lalace a sauran, ta nan za ka shiga ka gyara.

Ka buɗe bridge ɗaya, ka bar VLAN Filtering a kashe tukuna. Sa ƙofar da za ta tafi suwic a ciki, misali ether2. A Interfaces ka ƙirƙiri VLAN huɗu a kan bridge ɗin, da lambobi 10, 20, 30, 40, ka sa musu sunayen da za ka gane bayan shekara. Kowanne ka ba shi adireshin farko na gidansa: 192.168.10.1/24, 192.168.20.1/24, 10.30.0.1/23, 192.168.40.1/24. Sannan ka bi DHCP Setup ka yi wa kowanne mai raba adireshi. Na baƙi ka gajarta wa'adin aron adireshin zuwa awa 2 ko 3, don wanda ya ci abinci ya tafi ya saki nasa. Na ma'aikata kwana ɗaya ya yi.

Yanzu ka koma Bridge, shafin VLANs. Ga kowace lamba ka ƙara layi, a wurin Tagged ka sa ether2, ka kuma sa shi bridge ɗin kansa. Wannan na biyun shi mutane ke mantawa. In bridge ba ya cikin jerin, bayanai za su iso rautar amma ba za su kai ga ƙwaƙwalwarta ba, ba DHCP ba intanet, ga shi kuwa komai ya yi kama da daidai. Sai ka gama wannan duka za ka danna Safe Mode, sannan ka kunna VLAN Filtering. In layin ya yanke maka, rautar za ta janye canjin da kanta bayan ɗan lokaci. In komai lafiya, sake danna Safe Mode don canjin ya zauna.

Mataki na uku: suwic

Kalmomi biyu za ka gani a allon, Tagged da Untagged, sai kuma PVID. Wasu kamfanoni, kamar Cisco, suna cewa trunk da access, ma'anar ba ta da nisa. Ƙofa mai Tagged tana fitar da ƙunshi da tambarinsa a jiki. Mai Untagged tana cire tambarin kafin ta fitar, saboda kwamfuta da firinta da kamara ba su san da shi ba. PVID kuwa yana faɗa wa ƙofa ne: duk ƙunshin da ya shigo ba tambari, ga gidan da za ki sa shi.

Ƙofa ta 1, mai zuwa rauta, Tagged ce a 10, 20, 30 da 40. Ƙofofin ofis Untagged a 20, PVID 20. Na kamarori Untagged a 40, PVID 40. Ƙofofin AP su ne masu haɗa iri biyu: Untagged a 10 da PVID 10, sannan Tagged a 20 da 30. Dalili shi ne sabuwar AP da aka ciro daga kwali ba ta san komai game da tambari ba, tana neman adireshi ne tsirara. Da wannan tsari za ta faɗa gidan gudanarwa kai tsaye, haka ma ranar da wani ya danna mata maɓallin mai da ita saitin kamfani. Ban sa 40 a ƙofofin AP ba domin kamarorin a kebul suke. Gidan da ba shi da aiki a ƙofa, kada a kai shi.

A ƙananan suwic da yawa, har da Easy Smart na TP-Link, shafin PVID daban yake da shafin VLAN. Mutum zai sa ƙofa Untagged a 20, ya bar PVID a 1, sai amsa ta riƙa fita ta gida ɗaya tambaya na shiga ta wani. In kwamfuta ta ƙi samun adireshi bayan ka gama, nan za ka fara dubawa. Ka kuma cire ƙofofin daga VLAN 1 in suwic ɗin ya ba da dama.

Mai da adireshin suwic ɗin kansa zuwa VLAN 10 shi ne abu na ƙarshe, bayan ka tanadi ƙofa ɗaya mai PVID 10 da za ka shiga ta nan. Da ka gama, nemi maɓallin Save. Wasu suwic suna aiki da saitin da ka yi amma ba su adana shi sai an ce musu, kuma ɗaukewar wuta ta farko za ta shafe aikin yini guda.

Mataki na huɗu: AP da sunayen wifi

Haɗa AP ɗaya tukuna. Duba a rauta ka ga ta karɓi adireshi mai farawa da 192.168.10. Kwamfutar da ke ɗauke da manhajar sarrafa su, ko ƙaramar na'urar sarrafawar, ita ma ta zauna a VLAN 10 don su ga juna. Ka karɓi AP ɗin a manhajar, ka sabunta ta, ka canza kalmar sirrin kamfani.

A UniFi, tun da rautar ba tasu ba ce, za ka ƙirƙiri rezo irin na VLAN kawai, mai lamba 20, da wani mai lamba 30, ba tare da DHCP ba, sannan ka zaɓe su a wurin ƙirƙirar sunan wifi. A Omada akwai wurin rubuta lambar VLAN a saitin kowane suna. Kada ka kunna zaɓin da ke sa AP ta buga wa nata bayanan gudanarwa tambarin 10, tun da ƙofar suwic ta riga ta ɗauke wannan nauyin. In ka yi duka biyun AP za ta ɓace maka, sai an kawo tsani.

Suna biyu sun isa: na ma'aikata da na baƙi. Kowane suna yana shelar kansa a iska kusan sau 10 a daƙiƙa, a kan mafi ƙarancin gudu, kuma kowace AP tana yin haka. Suna shida ko bakwai cin lokacin iska ne kawai. In kana son rukuni da yawa, UniFi da Omada duk suna da tsarin PPSK, inda suna ɗaya ke da kalmomin sirri da dama, kowace kalma na kai mai ita VLAN ɗinsa. Yana tafiya ne da WPA2, tsarin kulle wifi da ya gabaci WPA3.

Na ma'aikata ka sa masa haɗin WPA2 da WPA3 da doguwar kalma, kuma kai ko manaja ne za ku riƙa shigar da ita a na'urorin aiki. Wurin da ma'aikata suka yi yawa kuma suna yawan canzawa, tsarin 802.1X da sabar RADIUS ya fi, kowa da sunansa da kalmarsa, wanda ya bar aiki a goge shi kaɗai. Ga otel mai ma'aikata goma ban ga buƙatarsa ba. Tace na'urori ta adireshin MAC, wato lambar shaida da kowace na'ura ke zuwa da ita, kuma kada ka dogara da shi, wayoyi tun daga Android 10 da iOS 14 suna ƙirƙirar na bogi.

Na baƙi ka bar shi a WPA2 saboda tsofaffin wayoyi, ka kunna keɓe na'urori, abin da allon ke kira Client Isolation, don baƙon ɗaki na 4 kada ya ga wayar na ɗaki na 9. Ka kuma sa wa kowa iyakar gudu daidai da ƙarfin layinku. In ba haka ba, mutum ɗaya mai sauke bidiyo zai hana ofis aika wasiƙa.

Batun tashoshi: a 2.4 GHz ka raba AP ukun a 1, 6 da 11, da faɗin 20 MHz, ka rage musu ƙarfi zuwa matsakaici. AP mai ihu wayar da ke nesa tana jin ta, amma ita ba ta jin wayar. A 5 GHz faɗin 40 MHz ya wadatar. Kaurin bangon ƙasa irin na gidajen Birni, da bulon siminti, da ƙofofin ƙarfe, duk suna cinye 5 GHz da sauri, don haka gara a ƙara AP a ja mata kebul da a ƙara ƙarfi. Ƴan ƙananan na'urorin maimaita sigina da ake sokawa a soket ba su da wuri a wannan tsari, suna ɗaya suke kamawa su maimaita.

Mataki na biyar: katangar tsaro

A wannan gaɓa kowa na samun adireshin gidansa, intanet na tafiya, kuma da yawa nan suke tattara kaya su karɓi kuɗin aiki. Amma har yanzu ba a raba komai ba. Aikin rauta shi ne sada rezo da rezo, kuma tana da ƙafa a duka gidaje huɗun. In ba ka hana ta ba, baƙo a 10.30 zai rubuta adireshin na'urar kamarori ya ga shafinta ya buɗe.

A MikroTik sarƙoƙi biyu ne suka shafe ka. Forward na abin da ke ratsa rautar ne zuwa wani wuri, input kuma na abin da ke nufin ita kanta. Ana karanta dokoki daga sama zuwa ƙasa, wadda ta fara dacewa ita ke aiki, saboda haka jerin yana da muhimmanci.

A forward, ta farko ta karɓi established da related, wato amsoshin maganar da aka riga aka fara. Ta biyu ta zubar da invalid, wato ƙunshin da rautar ta kasa gane maganar da yake cikinta. Sannan ka yarje wa 20 da 30 da 10 fita ta ƙofar intanet kawai, wato ƙofar rautar da layin mai kawo intanet ya shiga. Sai keɓaɓɓun izini: kwamfutar manaja, wadda ka ɗaure wa adireshi ɗaya a DHCP, ta kai ga na'urar naɗin kamarori, kwamfutarka ta kai ga VLAN 10. Doka ta ƙarshe ta zubar da duk abin da ya rage. Na fi son wannan tsari a kan jera haramci ɗaya-ɗaya, domin gobe in an ƙara VLAN 50, a rufe zai zo. Kamarori ba su buƙatar intanet. In Alhaji yana son kallon wurinsa a waya yayin da yake tafiya, na'urar naɗin kaɗai za ka buɗe wa hanyar fita.

A input, bayan established da related, baƙi da ma'aikata su samu DHCP a UDP 67 da DNS, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, a 53, UDP da TCP. Sauran, WinBox a 8291, SSH a 22, shafin gudanarwa a 80 da 443, daga VLAN 10 da ether5 kawai. Rubuta dokar da ta yarje maka kafin wadda ke zubar da saura, kuma kana cikin Safe Mode. Kada ka manta da dokar masquerade a NAT ga ƙofar intanet, ita ke sa na'urorin ciki su fita da adireshin rautar. In mai kawo muku layi yana ba da IPv6, sabon tsarin adireshi, dokokinsa a wani shafi suke. Ko ka maimaita su can, ko ka kashe shi.

Wani abu da zai taso daga baya: wayoyi da kwamfutoci suna gano firinta ne ta mDNS, a UDP 5353, kuma wannan kira ba ya tsallaka VLAN. Shi ya sa na bar firinta a gida ɗaya da ma'aikata. Baƙon da ke son buga takarda ya tura wa mai karɓar baƙi.

Mataki na shida: gwaji

Ɗauki waya, kashe data ɗinta, shiga wifin baƙi. Adireshin ya fara da 10.30. In ya tsaya yana juyawa, ko kwamfuta ta nuna 169.254, DHCP bai iso ba: bi hanyar daga ƙofar AP, zuwa ƙofa ta 1, zuwa jerin Tagged na bridge, wani wuri an manta da 30. In ya fara da 192.168.10, sunan bai ɗauru a VLAN ba, kuma baƙi suna zuba ne a gidan gudanarwa, wanda ya fi kowanne haɗari.

Daga nan ka yi ƙoƙarin shiga inda aka hana: adireshin firinta, na kamarori, 192.168.10.1, da 10.30.0.1 ta burauza. Duk su ƙi. Duba ƙidayar dokar zubarwa a rauta, ka ga tana hawa yayin da kake gwadawa. Maimaita haka a ƙarƙashin kowace AP, domin sau da yawa ƙofa biyu daidai suke ta ukun an tsallake ta. Sannan ka zare wutar komai, ka mayar, ka sake gwaji.

Wurin ajiye kayan

Yawancin ƙananan suwic an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, kuma a watannin Afrilu da Mayu ɗaki mai rufin kwano a Damagaram yana wuce haka. Mai ba da PoE shi ma yana ƙara nasa zafin. Kada a kulle shi a akwatin ƙarfe marar iska ko a cusa shi cikin silin. A hura masa ƙura bayan hunturu. Rauta da suwic su hau ondilar ɗaya, wato na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, tun da AP da kamarori daga suwic suke shan wuta, riƙe shi ya riƙe su duka. Kebul ɗin da zai ratsa tsakar gida zuwa wani gini ya zama na waje mai sulke, a haɗa shi da ƙasa, a sa masa abin kariya daga tsawa kafin damina.

Ka fitar da kwafin saitin rauta, da na suwic, da na manhajar AP, ka ajiye a wuri biyu. Manna wa kowane kebul lambar ƙofarsa a duka bakin biyu. Ƙofofin da ba a amfani da su ka kashe su, kada wani ya soka kebul a ɗakin taro ya faɗa gidan ofis. Takardar tsarin da kalmomin sirrin gudanarwa a sa su a ambulan a miƙa wa mai wurin hannu da hannu, a kuma koya wa manaja yadda zai canza kalmar wifin baƙi da kansa duk farkon wata.